Sharhi: Yadda dokar iyakar albashi ta sauya fasalin zakarun ƙwallon ƙafar Amurka, Philadelphia Eagles

A daren Alhamis 4 ga Satumba, 2025, ƙungiyar Philadelphia Eagles ta karɓi baƙuncin Dallas Cowboys a wasan da ya buɗe kakar 2025 ta gasar NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka. A agogon Najeriya da Nijar, an take wasan da misalin ƙarfe 1:20 na daren, wato an riga an shiga Juma'a. Eagles ta shiga fili a matsayin mai riƙe da kambu, bayan ta lallasa Kansas City Chiefs da ci 40 da 22 a wasan ƙarshe na Super Bowl da aka buga a birnin New Orleans ranar 9 ga Fabrairu. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka kawo mata wannan nasara, musamman a sashen tsaro, ba a gan su a cikin rigarta ba.

Ga mai bibiyar gasar Firimiya ta Ingila ko La Ligar Sifaniya, wannan na iya zama abin mamaki. A Turai, ƙungiyar da ta ɗauki kofi kan samu ƙarin kuɗi, ta riƙe taurarinta, ta kuma sayo wasu. A Amurka an tsara gasar ne ta yadda zakara ba za ta daɗe tana cin karenta babu babbaka ba. Abin da ya faru da Eagles tsakanin Maris da Yulin 2025 misali ne na yadda tsarin yake aiki.

Dokokin da ke ɗaure hannun zakara

Ƙungiyoyi 32 ne ke gasar NFL, babu faɗawa rukuni na ƙasa, babu haurowa. Tun daga 1994 aka ƙayyade adadin kuɗin da kowace ƙungiya za ta iya kashewa a kan albashin 'yan wasanta a shekara. A 2025 adadin ya kai dala miliyan 279.2, daga miliyan 255.4 a 2024. Komai arzikin mai ƙungiya, ba shi da ikon haura wannan iyaka, kuma a cikinta zai biya 'yan wasa 53 da ake yi wa rajista.

Doka ta biyu ta shafi ɗaukar sabbin 'yan wasa daga jami'o'i. Kowace shekara a watan Afrilu ana zaɓe zagaye bakwai, ƙungiyar da ta fi kowa rauni ita ke fara zaɓa, zakara kuma ita ce ta ƙarshe. Tun bayan yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2011, albashin sabon ɗan wasa a ƙayyade yake har tsawon shekara huɗu, gwargwadon matsayin da aka zaɓe shi. Ma'anar wannan ita ce, matashin da ya yi fice a shekarunsa na farko riba ce tsantsa ga ƙungiyarsa, domin yana aikin tauraro a kan albashin ɗan koyo. Da zarar shekarun sun cika kuma, sai kasuwa ta yi masa farashi.

A nan ne zakara ke shiga tsaka mai wuya. Nasara na ɗaga darajar kowane ɗan wasanta a lokaci guda, alhali iyakar albashin ɗaya ce da ta ƙungiyar da ta ƙare a ƙarshen teburi. Shi ya sa kare kambu ke da wuya. A cikin shekara 20 da suka wuce, Kansas City ce kaɗai ta ɗauki kofin sau biyu a jere, a kakannin 2022 da 2023. Kafin ita sai an koma New England Patriots a 2003 da 2004.

Waɗanda suka tafi

Sashen tsaron Eagles ne ya ci wasan ƙarshe na kakar 2024. Sau shida suka kayar da Patrick Mahomes, mai jefa ƙwallo na Kansas City, kafin ya samu damar jefawa, ba tare da sun ƙara ko da mutum ɗaya a kan huɗun da ke sahun gaba ba. Josh Sweat ya yi biyu da rabi daga ciki, Milton Williams ya yi biyu. Bayan wata guda, duka biyun sun tattara kayansu. Williams ya koma New England a kan dala miliyan 104 na shekara huɗu, Sweat kuma ya tafi Arizona Cardinals a kan miliyan 76.4, inda ya sake haɗuwa da Jonathan Gannon, tsohon mai horar da 'yan tsaron Eagles.

Brandon Graham, wanda ya shafe kaka 15 a ƙungiyar, ya sanar da yin ritaya a watan Maris na 2025. Magoya baya ba za su manta da shi ba, domin shi ne ya fizge ƙwallo daga hannun Tom Brady a ƙarshen wasan da Eagles ta ɗauki kofinta na farko na Super Bowl a Fabrairun 2018. A sahun baya, ƙungiyar ta sallami Darius Slay mai shekara 34, ya koma Pittsburgh Steelers, ta kuma sallami James Bradberry. C.J. Gardner-Johnson, wanda ya cafke ƙwallayen abokan hamayya shida a kakar 2024, an yi musanyarsa da wani ɗan wasan Houston Texans. Isaiah Rodgers ya tafi Minnesota, Avonte Maddox ya tafi Detroit, Oren Burks ya tafi Cincinnati. Bryce Huff, wanda aka saya da tsada a 2024 amma bai yi abin a zo a gani ba, an miƙa shi ga San Francisco.

A sashen kai hari asarar ba ta kai haka ba. Babban wanda ya tafi shi ne Mekhi Becton, ɗaya daga cikin biyar ɗin da ke yi wa mai jefa ƙwallo katanga, wanda ya koma Los Angeles Chargers. Sai kuma Kellen Moore, mai tsara dabarun kai hari, wanda ya zama babban koci a New Orleans Saints.

Inda kuɗin ya tafi

Babban manajan ƙungiyar, Howie Roseman, bai rufe aljihu ba. Ya zaɓi inda zai zuba kuɗin ne. Jalen Hurts, mai jefa ƙwallo kuma gwarzon wasan ƙarshe, yana kan yarjejeniyar dala miliyan 255 ta shekara biyar da ya sa wa hannu a 2023. Masu cafe ƙwallo biyu, A.J. Brown da DeVonta Smith, an tsawaita musu zama a 2024 a kan miliyan 96 da miliyan 75. A 2025 aka ƙara da Cam Jurgens, wanda ya gaji Jason Kelce a tsakiyar katanga, a kan miliyan 68 na shekara huɗu, aka kuma ƙara wa dattijo Lane Johnson shekara guda.

Wanda ya fi jan hankali shi ne Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallo. New York Giants ta bar shi ya tafi a 2024, Eagles ta ɗauke shi, sai ya yi gudun yadi 2,005 a wasannin kaka, ya zama mutum na tara da ya haura yadi 2,000 a tarihin gasar. In aka haɗa da wasannin sili ɗaya ƙwale, ya kai yadi 2,504, ya karya tarihin da Terrell Davis ya kafa a 1998. A watan Maris na 2025 ƙungiyar ta saka masa da ƙarin shekara biyu a kan dala miliyan 41.2, ya zama mai gudu da ƙwallo na farko da albashinsa ya haura miliyan 20 a shekara.

A sashen tsaro, mutum ɗaya kawai aka biya babban kuɗi don ya zauna, shi ne Zack Baun. A 2024 ya zo daga New Orleans a kan yarjejeniyar shekara guda mai araha, ba wanda ya damu da shi. Vic Fangio, mai horar da 'yan tsaro, ya sauya masa gurbi zuwa tsakiya, sai ga shi a jerin fitattun 'yan wasan gasar na shekara. An ba shi miliyan 51 na shekara uku.

Manufar a fili take: a kashe kuɗi a kan sashen kai hari, a gina tsaro da matasa masu albashin farko. Akwai hujja a bayan wannan. Jalen Carter da Nolan Smith, waɗanda aka zaɓa a 2023, da Quinyon Mitchell da Cooper DeJean na 2024, a 2025 duk suna kan ƙayyadadden albashi, kuma duk sun taka rawa a nasarar kakar 2024. DeJean ne ya cafke ƙwallon Mahomes ya ruga da ita har gidan ƙarshe a ranar da ya cika shekara 22. Roseman ya san cewa bayan kakar 2025 Carter zai cancanci sabuwar yarjejeniya, kuma zai nemi kuɗin da ya fi na Williams. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka barin Williams ya tafi yau tanadi ne na riƙe Carter gobe. Ƙari a kan haka, dokar gasar na bai wa ƙungiyar da ta rasa manyan 'yan wasa a kasuwa ƙarin damar zaɓe a shekara mai zuwa, kuma a lokacin an sa ran Eagles za ta amfana da hakan a 2026.

Bashin da ake turawa gaba

Akwai wani ɓangare na lissafin da magoya baya ba su cika kula da shi ba. Dokar gasar ta amince a biya ɗan wasa dunƙulen kuɗi ranar sa hannu, amma a rarraba lissafinsa a kan iyakar albashi har shekara biyar. Eagles na cikin ƙungiyoyin da suka fi amfani da wannan dama, har takan ƙara wa yarjejeniya wasu shekaru na takarda kawai, waɗanda kowa ya san ɗan wasan ba zai buga su ba, don a shimfiɗa nauyin. Hakan na buƙatar mai ƙungiya da ke shirye ya fitar da tsabar kuɗi da wuri, kuma Jeffrey Lurie, wanda ya sayi ƙungiyar a 1994, ya nuna yana da wannan niyya.

Dabarar na aiki muddin iyakar albashi na ƙaruwa kowace shekara, domin bashin jiya kan ƙanƙance idan aka auna shi da iyakar gobe. Daga miliyan 224.8 a 2023 zuwa miliyan 279.2 a 2025, ƙaruwar ta yi wa Eagles daɗi. Amma tarihi ya nuna ba kullum ake kwana a gado ba. A 2021, sakamakon annobar korona da ta hana 'yan kallo shiga filaye, iyakar ta faɗo daga miliyan 198.2 zuwa miliyan 182.5, ƙungiyoyi da dama suka sallami 'yan wasa ala tilas. Haka nan, duk tauraron da ya ji mummunan rauni ko ƙarfinsa ya ragu, kuɗin da aka riga aka ba shi zai ci gaba da cin gurbi ko da an sallame shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Eagles ba ta sayi wani babban suna kafin kakar 2025 ba.

'Yan asalin Najeriya a tsakiyar gwajin

Wani abin lura ga masu kallo daga nan gida shi ne, kaso mai yawa na giɓin da aka bari ya faɗa ne a kan 'yan wasa masu tsatso da Najeriya. Na farko shi ne Moro Ojomo, wanda aka haifa a Legas a 2001, iyayensa suka koma Amurka da shi yana yaro, ya yi karatu a Jami'ar Texas. Sai a zagaye na bakwai, na ƙarshe, aka zaɓe shi a 2023, bayan an ɗauki mutum fiye da 240. A 2024 yana shigowa ne a matsayin canji, amma ya nuna iya kutsawa ta tsakiyar katangar abokan hamayya. A 2025 shi aka sa ran zai cike gurbin Williams. Bambancin kuɗin ya isa ya bayyana manufar ƙungiyar baki ɗaya: Williams zai riƙa karɓar dala miliyan 26 a shekara a New England, Ojomo kuma albashinsa na 2025 bai wuce kimanin miliyan ɗaya ba.

Akwai dalilin da zai sa a yi masa kyakkyawan zato. Abokan hamayya kan sa mutum biyu su tare Jalen Carter, wanda hakan ke bar wa na kusa da shi mutum ɗaya tak. Williams ya ci moriyar wannan, kuma Ojomo ya gaji wannan dama. Abin da ba a gwada ba kafin kakar 2025 shi ne ko jikinsa zai jure ƙarin aiki har tsawon wasa 17.

A gefen sahun gaba, inda Sweat da Graham suka bari, ƙungiyar ta ɗauko Azeez Ojulari daga Giants da Josh Uche, kowanne a kan shekara guda. Duka biyun haifaffun Amurka ne masu asali da Najeriya. Ojulari jika ne ga shahararren mai zane na Osogbo, marigayi Twins Seven-Seven. Ya kayar da masu jefa ƙwallo sau takwas a kakarsa ta farko a 2021, daga nan raunuka suka yi ta dame shi. Uche ya yi 11 da rabi a 2022 a New England, bai sake kusantar adadin ba. Fatan Eagles a lokacin shi ne ɗaya daga cikinsu ya farfaɗo a hannun Fangio kamar yadda Baun ya yi. In ba haka ba, nauyin zai koma kan Nolan Smith da matashi Jalyx Hunt.

Wannan ya zo daidai lokacin da gasar ke neman kafa ƙafa a Afirka. Ta gudanar da sansanin neman masu hazaƙa a Ghana a 2022, a Kenya a 2023, sannan a Legas a 2024, ƙarƙashin jagorancin Osi Umenyiora, wanda ya ɗauki kofin sau biyu da Giants. Eagles ce ƙungiya ta farko da ta samu izinin tallata kanta a wata ƙasar Afirka, wato Ghana. Idan Ojomo ya yi fice, labarinsa zai zama hujja ga matasan da ke halartar irin waɗannan sansanoni.

A zaɓen Afrilun 2025 ma tsaro aka fi bai wa muhimmanci. An fara da Jihaad Campbell na Jami'ar Alabama a matsayi na 31, don ya taimaka wa Baun yayin da Nakobe Dean ke jinyar raunin gwiwa da ya samu a watan Janairun 2025. A zagaye na biyu aka ɗauki Andrew Mukuba, haifaffen Zimbabwe, don ya nemi gurbin Gardner-Johnson. Gurbin Slay kuma an fafata a kansa tsakanin Kelee Ringo da Adoree' Jackson, kuma nan ne aka sa ran masu jefa ƙwallo za su fara gwada sa'arsu.

Sashen kai hari ma da sauran tambayoyi

Duk da cewa goma daga cikin sha ɗayan da ke fara wasa a sashen kai hari suna nan a farkon kakar 2025, akwai abubuwa biyu da suka buƙaci sa ido. Na farko, Kevin Patullo da ya gaji Moore a 2025 bai taɓa riƙe wannan muƙami kafin nan ba, kuma shi ne mutum na huɗu a cikin kaka huɗu da ya tsara wa Hurts dabaru. Magoya baya na tuna abin da ya faru a 2023, bayan ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe ta rasa masu tsara dabarunta biyu. Ta ci wasa 10 cikin 11 na farko, sannan ta ruguje, ta yi rashin nasara a biyar daga cikin shida na ƙarshe, Tampa Bay ta fitar da ita da ci 32 da 9. A wancan karo ma daga cikin gida aka ɗaga mai tsara hari. Bambancin 2025 shi ne Fangio na nan, haka ma Jeff Stoutland da ya fara horar da 'yan katanga a 2013, mutumin da ya mayar da Jordan Mailata, ɗan zari-ruga daga Ostareliya, ɗaya daga cikin gwanayen gurbinsa.

Na biyu shi ne jikin Barkley. An miƙa masa ƙwallo don gudu sau 436 a kakar 2024 idan aka haɗa da wasannin sili ɗaya ƙwale, kuma kusan kowane gudu da karo yake ƙarewa. Babu wanda ya taɓa haura yadi 2,000 kaka biyu a jere. Terrell Davis ya ji rauni a gwiwa a farkon kakar 1999, Derrick Henry ya karye a ƙafa a tsakiyar kakar 2021, kowannensu shekara guda bayan bajintarsa. A farkon kakar 2025 Barkley na da shekara 28, kuma ya sha fama da rauni a New York. Idan gudunsa ya ragu, dole Hurts ya yawaita jifa, abin da ƙungiyar ta rage sosai a 2024.

Abu ɗaya da ya zo wa Eagles da sauƙi shi ne ƙuri'ar da masu ƙungiyoyi suka kaɗa a watan Mayun 2025. Green Bay Packers ta nemi a haramta dabarar nan ta tura Hurts ta baya idan ana neman yadi ɗaya, dabarar da Eagles ta fi kowa ƙwarewa a kai. Ƙungiyoyi 22 suka goyi bayan haramcin, alhali 24 ake buƙata, don haka dabarar ta zauna daram a 2025.

Abin da za a sa ido a kai

Jadawalin bai yi wa zakarun sassauci ba. Bayan Dallas, sun je Kansas City ranar 14 ga Satumba, sannan suka kara da Los Angeles Rams da Tampa Bay kafin watan ya ƙare. Daga baya akwai Green Bay, Detroit da Buffalo. A rukuninsu na NFC ta Gabas, kafin kakar 2025 babu ƙungiyar da ta zo ta ɗaya sau biyu a jere tun bayan da Eagles ɗin ta yi hakan daga 2001 zuwa 2004. Washington Commanders, wadda suka doke da ci 55 da 23 a wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙaro Deebo Samuel da Laremy Tunsil don tallafa wa matashin mai jefa ƙwallonta, Jayden Daniels, wanda shi ma ke kan albashin farko, abin da ya bai wa ƙungiyarsa sararin sayayya da Eagles ba ta da shi.

Idan aka auna komai, matakin da Roseman ya ɗauka ya fi kusa da daidai. Biyan Williams da Sweat tare da riƙe Carter nan gaba abu ne da lissafi ba zai ɗauka ba, kuma ƙungiyoyin da suka nace sai sun riƙe kowa bayan nasara sukan tsufa gaba ɗaya. Sai dai daidaiton lissafi bai tabbatar da kofi ba. Abin da aka rasa shi ne yawan ƙwararrun da ke jiran canji, wanda ya ba Fangio damar sauya 'yan sahun gaba ba tare da ƙarfi ya ragu ba. A 2024 raunin mutum ɗaya bai girgiza ƙungiyar ba, a 2025 kuwa an yi fargabar zai iya.

Ma'auni mafi sauƙi ga mai kallo a lokacin shi ne ya lura da mutum huɗun sahun gaba a wasannin Satumban 2025. Hasashen a lokacin shi ne, idan Carter, Ojomo, Smith da abokin aikinsu na huɗu suka iya takura wa Dak Prescott da Mahomes ba tare da an ƙaro musu mutum daga baya ba, to Eagles na da damar sake kai wa wasan ƙarshe a Santa Clara da ke jihar Kalifoniya a Fabrairun 2026. Idan kuwa sai an ƙaro, sahun baya da ke cike da matasa zai buɗe, kuma Roseman zai koma kasuwa neman mai ceto kafin a rufe musanyar 'yan wasa a farkon Nuwamban 2025.